Jak Kusto, Mutumin da Ya Gina Gida a Ƙarƙashin Teku

Tsakanin ƙasar Sudan da ƙasar Makka akwai wani dogon teku wanda ake kira Bahar Maliya. Alhazan dā masu tafiya a ƙasa, in sun tashi daga ƙasar Hausa, sun ratsa Barno da Wadai da Darfur, a bakin wannan teku tafiyar ƙafa take ƙarewa. Daga nan sai su shiga jirgin ruwa a Sawakin ko a Fot Sudan, su ƙetare zuwa Jidda. Mai ƙetarewa ba abin da yake gani sai shuɗin ruwa iyakar ganinsa. Amma a ƙarƙashin ruwan nan akwai wata duniya dabam, mai duwatsu da kwazazzabai da koguna, cike da halitta iri-iri. A cikin 1963 wani Bafaranshe ya zo ya gina gida a can ƙarƙashin, mutanensa suka zauna a ciki wata guda cur. Faransawa suna rubuta sunansa Jacques Cousteau, amma in za a faɗa sai a ce Jak Kusto. Ga labarinsa.

Ƙuruciyarsa

An haifi Kusto ran 11 ga watan Yuni, 1910, a wani ƙaramin gari kusa da birnin Bodo, a kudu maso yammacin Faransa. Ubansa lauya ne, mai yawan tafiye-tafiye. Yaron ya tashi ramamme, mai yawan ciwon ciki, har likitoci suka hana shi wasa mai wahala. Amma yana ɗan shekara 4 ya koyi iyo, tun daga sa'an nan kuwa ba abin da yake so kamar ruwa.

Da ya shekara 10 sai iyayensa suka ƙaura da shi zuwa birnin Niyok na Amurka. Lokacin hutun makaranta aka kai shi wani sansanin yara a bakin tafki. Can wani malami ya sa shi aikin tsamo busassun rassan itace daga ƙarƙashin ruwa, da nufin ya hore shi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Yaro ya riƙa nutso yana fitowa, yana buɗe idonsa cikin ruwa, yana koyon riƙe numfashi. Wannan shi ne nutsonsa na fari.

Bayan sun koma Faransa ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi na'urar ɗaukar hoton majigi, yana da shekara 13. Kafin ya ɗauki hoto ko ɗaya sai da ya kwance ta, ya ga yadda take aiki, kāna ya mayar. Amma wajen karatu ba ya mai da hankali. Wata rana ya farfasa tagogin makaranta da jifa, aka kore shi. Iyayensa suka kai shi wata makarantar kwana mai tsananin horo, nan fa ya natsu, ya kama karatu haiƙan. A cikin 1930 ya ci jarrabawar shiga makarantar hafsoshin sojan ruwa, kafin ya gama kuwa sai da ya zaga duniya cikin jirgin koyon aiki.

Haɗarin mota

Babban burin Kusto a lokacin nan shi ne ya zama matuƙin jirgin sama. Ya fara koyo, har ya yi nisa. Ran nan da dare ya ari motar ubansa za shi bikin wani abokinsa. Yana kan wata hanya mai kwane-kwane cikin duwatsu sai fitilun motar suka mutu, mota ta saki hanya ta wuntsila. Hannuwansa duka biyu suka karye, da haƙarƙari da yawa.

A asibiti hannu ɗaya ya rube, likitoci suka ba da shawara a yanke shi. Kusto ya ƙi. Ya jure wa azaba wata da watanni, kullum yana ƙoƙarin motsa yatsunsa, har suka fara motsi kaɗan-kaɗan. Hannu dai ya tsira, amma zancen tuƙin jirgin sama ya ƙare ke nan.

Aka mai da shi aiki a Tulon, wani gari a bakin Bahar Rum. Can ya haɗu da wani hafsa mai suna Filif Tayye, wanda ya ba shi shawara ya riƙa iyo a teku kowace rana don hannuwansa su yi ƙarfi. Wata rana a cikin 1936 Tayye ya ara masa wani irin tabarau mai hana ruwa shiga ido. Kusto ya sa, ya tsoma kansa. Nan da nan ya ga abin da bai taɓa gani ba: duwatsu lulluɓe da ciyayi, kifaye suna kiwo a tsakaninsu, kome tangaran. Ya ɗaga kai, ga gari, ga mutane suna ta hayaniya. Ya sake tsomawa, ga wata duniya shiru, ba wanda ya san da ita. Gani ya kori ji. Tun daga ran nan ya ƙudura a ransa ba shi da wani aiki sai binciken ƙarƙashin teku.

A cikin 1937 ya auri wata yarinya mai suna Simone, 'yar gidan sojan ruwa, ita ma mai son teku. Suka sami 'ya'ya biyu maza. Ya kuma yi wani aboki, Firederik Duma, gwanin kama kifi da mashi. Su uku, Kusto da Tayye da Duma, kullum suna tare cikin ruwa.

Huhun ruwa

Abin da ya dame su shi ne numfashi. Kome gwanintar mai nutso, bayan 'yan mintoci tilas ya fito ya sha iska. Akwai dai masu nutso na sana'a tun dā, amma su sai an kifa musu ƙatuwar hular tagulla, an sa musu takalman darma, an haɗa su da dogon tiyo wanda ake hura musu iska ta ciki daga jirgi. Mutum yana tafiya da ƙyar, ba ya wuce iyakar tiyonsa, kamar akuya a turke. Kusto kuwa so yake ya yi yawo sakaka kamar kifi.

Ya gwada wata na'ura mai ba da tsantsar iskar oksijin. Ashe in an yi zurfi wannan iska guba take zama. Sau biyu jikinsa yana sanƙarewa cikin ruwa, ana tsamo shi a some. Duk da haka bai fasa ba.

Ana nan sai Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, Jamus ta mamaye Faransa, man fetur ya yi wuya. A watan Disamba na 1942 Kusto ya je birnin Faris, ya sadu da wani injiniya mai suna Emil Ganya. Shi wannan mutum ya ƙera wani ɗan makulli wanda yake sa mota ta yi tafiya da iskar gas maimakon fetur. Suka haɗa kai suka gyara makullin don numfashin mutum. Ga yadda yake aiki. Ana ɗura iska mai yawa cikin tulun ƙarfe, mai nutso ya goya a baya. In ya ja numfashi sai makullin ya buɗe, ya ba shi iska daidai bukatarsa, daidai kuma da nauyin ruwan da yake danne shi. In ya daina ja sai ya rufe.

Suka gwada a watan Janairu na 1943, cikin ruwan sanyi na kogin Marn. Abin bai yi daidai ba. In Kusto ya miƙe tsaye iska ta yi ta zuba a banza, in ya yi kai ƙasa kuma ta ƙi fitowa. Suka koma suka yi tunani, suka gane kuskuren wajen da suka sa mafitar iska ne, suka gyara.

A watan Yuni na wannan shekara aka sake gwadawa a teku, kusa da wani gari Bandol. Duma ya tsaya a gaɓa cikin shiri ko da wani abu zai faru, Simone kuwa tana iyo a sama tana duban mijinta ta cikin tabarau. Kusto ya nutse, yana numfashi lafiya lau. Ya yi alkafura, ya tsaya da yatsa ɗaya, ya shiga wani kogo ya fito da wasu manyan halittu dangin jatan lande, waɗanda suka zama abincin gidansa a wannan zamani na yunwa. Aka sa wa na'urar suna huhun ruwa. Irinta ce masu nutso suke goyawa har yau ko'ina a duniya.

Amma teku ba wurin wasa ba ne. In mutum ya yi zurfi ƙwarai, iskar da yake shaƙa takan sa shi wani irin maye, ya manta da inda yake. A cikin 1947 wani abokin aikinsu, Moris Farg, ya nutsa har mita 120, hankalinsa ya gushe, ya rasa ransa. Wannan mutuwa ta girgiza Kusto. Ta koya masa cewa zurfi yana da iyaka, kuma tilas mai nutso ya kiyaye ƙa'ida, kada ya shiga ruwa shi kaɗai.

Tafkin teku

A cikin 1950 wani attajiri ya sayi wani tsohon jirgin yaƙi a tsibirin Malta, ya ba Kusto haya a kan faran ɗaya tak kowace shekara. Sunan jirgin Kalifso. A ƙarshen 1951 Kalifso ya nufi Bahar Maliya, inda Kusto ya fara nutso a cikin gonakin murjani.

Shi murjani, in an gan shi sai a ce dutse ne ko itace, amma aikin wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu rai. Kowanne yakan gina wa kansa ɗan ɗaki na farar ƙasa mai tauri. In ya mutu 'ya'yansa su yi gini a kan nasa, haka har shekaru dubbai, sai ginin ya zama katanga mai tsawon mil da yawa. Jan murjanin nan da mata suke ado da shi danginsu ne. Masu gina katangar ba sa rayuwa sai a ruwa mai ɗumi, mai tsabta, wanda hasken rana yake ratsawa, saboda haka a tekunan ƙasashe masu zafi ake samunsu.

Wani lokaci katangar takan zagayo kamar zobe, ta kewaye wani yanki na ruwa. Abin da ke ciki shi ne tafkin teku. A waje raƙuman ruwa suna ta dūkan katanga, ga zurfi mai ban tsoro. A ciki kuwa ruwa kwance yake, kore shar, ƙasansa farin rairayi, har mutum yana iya ganin inuwarsa a ƙasa. Nan ƙananan kifaye suke girma, nan kunkurun teku yake kiwo. Ba inda ya fi shi daɗin iyo. Amma akwai abin kiyayewa, gama wani murjanin yana ƙuna kamar wuta in an taɓa, akwai kuma masu ƙaya da masu dafi a ɓoye cikin duwatsu.

Kusto da mutanensa suka lura da wani abin mamaki. In ana yin zurfi, jan launi shi yake fara ɓacewa, har in mutum ya ji rauni sai ya ga jininsa kore. Can ƙasa kome shuɗi-shuɗi ne. Amma da suka sauka da fitilu masu ƙarfi suka haska, sai ga ja da rawaya da ruwan goro sun bayyana, launukan da ido bai taɓa gani ba. Suka ɗauki hotunan majigi, suka haɗa wani fim mai suna Duniyar Shiru. Aka nuna shi a cikin 1956, ya ci manyan kyaututtuka a Faransa da Amurka. Mutane da yawa a nan suka fara ganin ƙarƙashin teku.

Sai dai a cikin wannan fim akwai abin da ba shi da kyau. An nuna mutanen Kalifso sun tashi nakiya a kan murjani, don kifaye su mutu su taso a ƙirga irinsu. An kuma nuna su suna karkashe manyan kifayen nan masu haƙora da ake kira shak. A zamanin nan ba a ɗauki wannan a bakin kome ba, don ana zaton arzikin teku ba ya ƙarewa.

Gida a Sha'ab Rumi

Akwai wata wahala kuma da take damun masu nutso. In mutum ya daɗe a zurfi, wani kashi na iskar da yake shaƙa yakan narke cikin jininsa. In ya taso da sauri sai iskar ta yi kumfa, kamar yadda kwalbar lemo take yi in an buɗe ta farat ɗaya. Kumfar nan tana sa ciwon gaɓoɓi mai tsanani, tana shanye jiki, har tana kisa. Don haka tilas a taso sannu a hankali, ana tsayawa a hanya. Sai ya zama aikin kaɗan ne, jiran da yawa. Wani likitan sojan ruwa na Amurka, Joj Bond, ya kawo shawara cewa in mutum yana da wurin kwana a ƙasa, sai ya yi ta aikinsa kwana da kwanaki, ya yi jiran nan sau ɗaya kawai, ran da zai fito. Kusto ya ɗauki wannan shawara. A cikin 1962 ya fara gwadawa kusa da birnin Marsai, mutum biyu suka yi mako guda a ƙarƙashin ruwa.

A cikin 1963 ya zaɓi wani zoben murjani a arewa da Fot Sudan, ana kiransa Sha'ab Rumi. Aka shigar da wani babban jirgi cikin tafkin da ke tsakiyarsa, inda ruwa yake kwance, don ya riƙa aika iska da wutar lantarki. A jikin katangar kuma, a zurfin mita 10, wato kamar rijiya mai gaba biyar da ɗoriya, aka kafa gidan ƙarfe mai siffar tauraro. Aikin ya yi wuya ƙwarai, gama lokacin tsananin zafi ne. Ga shi kuma gida mai cike da iska kullum so yake ya taso kamar gora, sai da aka danne shi da darma mai yawa, wadda masu nutso suka yi ta jigilarta da hannu.

Ƙofar gidan a ƙasa take, a buɗe dare da rana, amma ruwa ba ya shiga. Wanda yake so ya gane dalili, ya ɗauki ƙoƙo ya kifa shi a kan ruwa, ya danna shi ƙasa a miƙe. In ya ɗago zai tarar cikinsa a bushe, don iskar da ke ciki ta hana ruwa hawa. Haka gidan yake. A ciki akwai gadaje, da wurin dafa abinci, da wurin wanka, da tarho, da tagogi inda kifaye suke zuwa leƙen mutane. Har aku suka sauka da shi ya zauna tare da su.

Kwana 30 mutanen suka yi ba su ga rana ido da ido ba. Kowace rana su goya huhun ruwa, su zame ta ƙofa, su yi awoyi suna nazarin kifaye da murjani, wani lokaci har da dare. An kuma kafa wani ƙaramin ɗaki can ƙasa, a zurfin da ya kusa mita 30, inda mutum biyu suka yi mako guda. Su wata irin iska aka haɗa musu, wadda ta sa muryarsu ta zama siririya, abin dariya. Kusa da babban gidan akwai wata rumfar ƙarfe mai kama da kifaffiyar ƙwarya, inda ake ajiye wani ɗan jirgin nutso mai ɗaukar mutum biyu, wanda yake iya sauka har mita 350. Kusa da ƙarshe Simone ta sauko ta kwana a gidan, suka yi bikin cika shekara 26 da aure a ƙarƙashin teku. Kowa ya fito lafiya. Fim ɗin da aka yi a kan wannan zama, Duniyar da Ba Rana, shi ma ya ci babbar kyauta. A cikin 1965 kuma mutum shida suka yi mako uku a zurfin mita 100 a Bahar Rum.

Daga mai bincike zuwa mai tsaro

Da fari Kusto yana zaton wata rana mutane za su yi garuruwa a ƙarƙashin teku, su haƙi mai, su kwashi arziki. Amma a hankali ra'ayinsa ya sake. In ya koma wuraren da ya yi nutso yana saurayi, sai ya tarar kifi ya ragu, ƙasan teku ya cika da shara, ciyayi sun mutu. Ya gane ashe teku ma yana gajiya. Ya tuna da nakiyar da suka tasa a kan murjani, bai kuwa ɓoye ba, ya yarda kuskure ne. Ginin da aka yi shekaru dubbai ana yi, cikin ƙiftawar ido ake rushe shi.

Tun a cikin 1960, da hukumar ƙasarsa ta shirya zubar da dattin nukiliya mai guba a Bahar Rum, Kusto ya fito fili ya ƙi, jama'a suka goyi bayansa, aka fasa. Daga 1968 ya shiga nuna tafiye-tafiyen Kalifso a talabijin. Yara da manya a ƙasashe da yawa suka san siririn dattijon nan mai jar hula. Ya kafa ƙungiya don kare teku. A cikin 1990 ya ɗauki yara shida daga nahiyoyi shida, ya kai su Antatika, ƙasar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, don ya nuna wa shugabanni cewa ajiyar yara ce suke riƙe da ita. A cikin 1991 ƙasashe suka sa hannu a kan yarjejeniyar hana haƙar ma'adinai a wannan ƙasa.

Baƙin ciki ma bai bar shi ba. A cikin 1979 ɗansa Filif, wanda yake sa ran zai gaje shi, ya mutu cikin haɗarin jirgin sama a ƙasar Fotugal. Simone ta rasu a cikin 1990. A cikin 1996 Kalifso ya nutse a tashar jiragen ruwa ta Singafo, bayan wani jirgi ya buge shi, sai daga baya aka tsamo shi. Duk da haka dattijon bai daina aiki ba. Ya rasu a birnin Faris ran 25 ga watan Yuni, 1997, yana da shekara 87, aka binne shi a garin da aka haife shi.

Aikin da ya bari bai ƙare ba. Yanzu ruwan teku yana ƙara ɗumi, in kuwa ɗumin ya yi yawa sai murjani ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu, kifaye su watse, masunta su rasa abinci. Saboda haka masu koyar da nutso suke gargaɗin duk mai shiga tafkin teku ya tuna shi baƙo ne. Ya duba da ido, kada ya taka, kada ya karya, kada ya bar shara.

Gidan nan mai siffar tauraro an ɗauke shi tun da aka gama gwajin. Amma rumfar ɗan jirgin an bar ta a inda take. Tana nan a jikin katangar Sha'ab Rumi, murjani ya yi gini a kanta, masu gida na asali kuwa, wato kifaye, suna shiga suna fita.